Wasiyyar Sammani Mai Doya

An yi wanka, an sa likkafani, makara na jingine a ƙofar gida, sai Azumi ta tsaya a bakin zaure ta ce gawar ubanta ba za ta maƙabartar Sabo ba.

Matar da ke cikin kulle, wadda ko tuwon sayarwarta sai dai a miƙo kwano ta bayan asabari, yau ga ta tsaye gaban maza ido cikin ido. Mijinta Manniru, ɗan dakon goro, ya rasa inda zai sa fuskarsa don kunya.

"Azumi, ki ji tsoron Allah, rana tana yi," in ji Malam Gwadabe, limamin unguwa. "Bature ya ce Bahaushe a Sabo zai zauna, kuma a nan muke binne namu."

"Allah ya gafarta Malam, Bature da masu rai ya yi magana. Baba ya bar wasiyya a binne shi a gonarsa ta Akinyele, kuma can za shi."

Taurin kan nan gado ne. Ubanta Sammani ya zo Ibadan da ita daga Kano bayan rasuwar uwarta, lokacin da jirgin ƙasa ke sabon abu. Da suka sauka, sauran matafiya suna ta tambayar masauki, shi kuwa ya ɗora kaya a ka ya miƙe hanyar Akinyele bai tambayi kowa ba. Bale Akanmu, mai garin ƙauyen, ya yanka masa gona. Da aka zo tattara Hausawa a kai su Sabo, unguwar da aka ware musu a Ibadan, Sammani ya aurar da 'yarsa can, shi ya ƙi motsawa. Sai da ciwo ya kayar da shi aka ɗauko shi gidanta.

Mutum ne mai ƙarancin magana, da tabon ƙuna a kumatu biyu, wai wuta ya faɗa yana yaro. Kunyar doyarsa kuwa har Yarabawa kan tsaya su kalla, abin da ba a saba gani a hannun Bakano ba. Sauran baƙin manoma duk kaka sai sun kai wa Bale doya da manja, shi ba a taɓa aiko masa ya kawo komai ba. Amma in suka haɗu a hanya, kowa sai ya kau da kai. Azumi ta ɗauka ƙiyayya ce, ta kuwa taya ubanta ƙin mutumin da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rashin dangi. In ta tambaye shi garinsu, sai ya ce, "Can bayan Kano." Ta sa Manniru ya bi fatake da 'yan shanu da duk tsohon da ya sauka a Sabo. An tambayi Kurawa, an tambayi mutanen Rano da na Bebeji, babu wanda ya san gidan su Sammani. Matan unguwa har sun fara raɗa cewa mai tuwo ba ta da asali, ita kuwa sai ta ƙara ɗaga kai.

Ana cikin wannan taƙaddama sai ga Bale da kansa, tsoho tukuf, yana dogara sanda, mutanensa na biye. Ya yi gaisuwa da Hausarsa ta kasuwar goro, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. A al'adarsu, ƙasar da aka binne mutum ta zama ta zuriyarsa har abada, don haka ba a binne baƙo a gona. A rufe shi a Sabo, shi zai ɗauki nauyin komai.

Malam Gwadabe ya yi ajiyar zuciya, don ya sami mataimaki. Masu ɗaukar makara suka matso.

Azumi ta shimfiɗa hannuwa ta tare ƙofa.

"Baƙo ne? To ku faɗa mini garinsu in kai shi. Malam, ka san shi? Kai fa, Baba Bale?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ci gaba.

"Tun da ba ku sani ba, inda ya zuba guminsa nan ne garinsu. Baba Bale, yana da rai ba ka iya haɗa ido da shi ba. Ga shi nan kwance. Shiga ka faɗa masa da bakinka cewa ka hana shi, in ka iya sai in matsa."

Tsohon ya dube ta. Ya ce wa mutanensa su dakata, ya shiga zauren shi kaɗai ya turo ƙyaure. Azumi ta zaga ta ƙofar baya ta laɓe jikin asabari tana jiran ta ji ya zagi gawa ta tara masa jama'a.

Ta ga ya ajiye sanda, ya yaye likkafani daga fuskar, ya bi tabon ƙunar da yatsa a hankali kamar mai neman tsagar da ke ƙarƙashi. Sai ya cire hula ya kwanta rub-da-ciki a ƙasa, gaisuwar da Bayarabe ke yi wa na gaba da shi. Ya yi magana da Yarabanci, kuma ɗan abin da Azumi ta koya wajen masu sayen tuwo ya ishe ta ganewa.

"Yayana, ka yafe mini. Ranar da mahara suka shigo gonar Baba suka kama ni, suka ce ina ɗayan, ni na nuna musu inda ka ɓuya. Kai aka tafi da kai bauta Arewa, ni kuwa suka sake ni."