Ƙwallon Jakar Laima

"Mama, me ya sa laimar Baba ba ta buɗe ba, alhali na gyara masa jakarsa?"

Cokalin miya ya tsaya a hannuna. Mijina Idris yana tsakar gida kan keken guragu. Tun ranar da ya yi tsallensa na farko shi kaɗai daga jirgin sama da laimar saukowa a garin Beni Mellal bai sake takawa ba. Ya laluba ƙwallon da ake ja laima ta buɗe, bai same shi ba. Laima ta biyu, ta ko-ta-kwana, ba ta buɗe ba sai dab da ƙasa. Har yau malaminsa da ya duba masa jakar yake tsine wa.

Na durƙusa gaban 'yata. "Wane gyara, Sukaina?"

"Da na rungume shi zai hau jirgi, na ga wani ƙwallo ya leƙo a ƙasan jakar, sai na tura shi can ciki. Ba ke kike cewa yarinyar kirki ba ta barin kaya suna leƙowa daga jaka ba?"

Ni na ce. Kullum da safe nake faɗa.

Idris ya ɗaga murya ya kira ni. "Lalla, me gimbiyata take cewa ne?"

"Surutunta ne kawai," na ce, na ƙanƙame ta a ƙirjina. Shekararta biyar. Wannan magana da ni za a binne ta.

Kai mai shirin koyon tsallen nan, ka ji ni: da zarar malami ya gama duba jakarka, kada ka yarda kowa ya rungume ka, ko da ɗan cikinka ne.