Zomon da Risikat Ke So

Kibiyar ta wuce zomon da nisa, ta je ta kafe a kunyar dawa. Taofeek ya sauke bakan yana haki, ya waiwayi karnukan. Duna ya ɗan bi zomon, ya tsaya, ya yi hamma. Guguwa kuwa ko motsi ba ta yi ba daga inda ta miƙe tana shan hantsi.

"Malam Sammani, tsakani da Allah, waɗannan karnukan farauta ne?"

Sammani, maharbin da ke yi masa jagora, ya sosa ƙeya. "Sanyi ne ya kashe musu jiki, Alhaji. Mu ƙara gaba. Bayan waccan kukar akwai zomaye."

Kullum zomayen suna bayan wata kuka, kuma kullum kukar tana da nisa.

Taofeek atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari. A Fagge aka haife shi, iyayensa Yarabawa ne da suka zo daga Ogbomosho. Mutum ne mai ƙiba, wanda ko masallacin bayan layi zai je sai ya tayar da mota. Ranar da jiri ya kayar da shi a shago, likita ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri, ya riƙa doguwar tafiya a ƙasa. Ya ce ya ji, ya koma kan kujerarsa.

Da sanyi ya shigo, matarsa Risikat, wadda cikinta ya fara fitowa, ta tsiri kwaɗayin naman zomo. Ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo masu ƙiba wajen Ebuka mai kiwonsu. Ta shinshina ta kau da kai, wai na gida ƙarni yake mata. Ya sayo na daji a hannun mafarauta, ta ce ba ta san yadda aka yanka shi ba.

"Baban Fareedah, ba kai ka cika mini kunne lokacin neman aure cewa kakanka maharbi ne ba? Ga bakansa can rataye a falo. Wanda ka harbo da hannunka nake so."

Ita da kanta ta nemo masa Sammani, ta hannun wata maƙwabciya. Sammani ya sake wa tsohon bakan tsirkiya, ya cika kwari da kibau. Daga nan duk Asabar da Lahadi, da an idar da sallar Asuba, Taofeek ya ɗauke shi da karnukansa a bakin titi, su nufi gonakin hanyar Ɗambatta inda aka gama girbi. Can za su ajiye mota su shiga daji da ƙafa, yatsunsa sun ƙage don sanyi, ƙaya tana yagar masa riga.

Asabar ta bi Asabar, ko wutsiyar zomo bai kawo gida ba. Wasu mafarautan kan wuce su da zomaye rataye a kafaɗa, karnukansu ramammu, haƙarƙari a waje, suna fizgar igiya. Na Sammani kuwa sumul-sumul, tafe suke kamar masu dawowa daga biki.

A kasuwa abokai suka laƙaba masa Sarkin Baka. Ciniki yana wuce shi a ranar da aka fi cika. Wandunansa suka fara yi masa yawa, ya ce baƙin ciki ne ke cinsa. Idan ya dawo hannu biyu, Risikat ta dafa masa ruwan zafi, ta matsa masa ƙafafu, ta ce, "Allah bai nufa ba yau. Mako mai zuwa, in sha Allahu." Haƙurin nata ya fi komai ƙona masa rai. Mace mai ciki ta roƙi abu ɗaya tak, ya kasa. Ga ta kuma ba ta fasa hidimarta ba: duk yammacin Juma'a da Asabar sai ta cika babbar kula da shinkafa da kayan ciki, ta aika sadaka, shi ko ɗanɗano ba ta barinsa ya yi saboda gishiri.

Wata Lahadi sa'a ta zo. Kibiyarsa ta sami zomo a cinya. Zomon ya yi ta ɗingishi a fili, kowa na ganinsa.

"Duna! Guguwa! Ku kama shi!"

Karnukan suka bi shi da sassarfa, suka raka shi har bakin sabara, suka tsaya suna kaɗa wutsiya. Zomon ya shige da kibiyar. Taofeek ya yi jifa da hularsa. Ya juya ya nufi mota.

Asabar da ta biyo baya bai tsaya a bakin titi ba. Ya yi tambaya har ya gano gidan Sammani a Kwaciri, da niyyar ya sallame shi ya nemi mai karnukan kirki. Ya yi sallama a zaure, ya leƙa.

Duna da Guguwa sun dulmiya kai cikin wani babban kwano, suna cin shinkafa da kayan ciki, cikinsu ya yi tam. Sammani na tsugune yana ƙara musu daga wata kula da Taofeek ya sani sarai.

"Malam Sammani, me kular matata take yi a nan?"

Sammani ya miƙe a hankali, ya goge hannu a rigarsa.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Hajiya ce ta ce in ƙosar da su kafin mu fita, in kuma riƙa nuna maka kukar da ta fi nisa, don ranar da ka kama zomo, ranar za ka daina tafiyar da likita ya ce ka yi."