Kalkuleta Mai Maɓalli Hamsin

"Wannan ai ta 'yan tireda ce, ɗauko babbar!" in ji Baban Auta, yana ture kalkuleta ta huɗu. Sai da mai shago ya zazzage masa kaya kaf, shi kuwa yana ta shelar 'yarsa za ta zana jarrabawar shiga jami'a, kuma ba ya wasa da karatun yara.

Ya shigo gida yana hura hanci, ya dire wa Auta mai maɓalli hamsin.

"Ga makami nan. Saura ki faɗi lissafi!"

Auta ta jujjuya ta.

"Baba, adabi da tarihi zan rubuta. Shekarata uku da barin ajin lissafi."

Uwarta ko ɗagowa ba ta yi ba. "Miƙa masa abarsa, ya lissafa mana rabonsa da duba littafinki."