Alade na Uku

Alade na uku ke nan da Sidoni Kenfack take binnewa a cikin taki. Da aka feɗe shi a mahautar garin Dschang, sai ga naman cike da ƙwayoyi farare kamar shinkafa. Likitar dabbobi ta hana sayarwa, ta biyo ta har gona ta tsaya a kanta.

Sidoni ta shimfiɗa garin katako, ta jera naman, ta lulluɓe da kashin kaji da ɓawon kofi har tsibin ya kai ƙugunta.

"Zafin takin zai kashe tsutsar da ke naman," in ji likitar. "Amma alade daga kashin mutum yake ɗaukarta. Akwai mai ita a cikinsa a gidanku, kuma ina zargin ita ta sa wa 'yarki farfaɗiya. A gwada kowa."

Sidoni da kanta ta kai bayan gidan kowa asibiti. Ita kaɗai ta koma karɓo sakamako.

Ta dawo ta tarar da mijinta Fidel a bakin ƙofa.

"Waye?"

Ta dai juya ta kalli ɗakin mahaifinsa, Baba Tsafack, tsohon da tun rasuwar matarsa ya koma hannunsu.

Ran nan Fidel ya watso kayan tsohon waje.

"Baba, ka cinye mini aladu, yanzu kuma jikarka?"

"Ɗana, ni ban ji komai a cikina ba."

"Ina za ka ji? Mu ne muke ji!"

Aka kai shi bukkar ƙarshen gona, kusa da tsibin takin. Da sanda ake tura masa kwano. Abokan shan bamminsa suka daina zuwa. In ya kira jikarsa daga nesa, Sidoni ta janye ta, ta je ta dirje hannuwanta da sabulu har su yi ja.

Da ruwa ya sauka, Baba ya riƙa jingina bayansa da tsibin don ɗuminsa. A nan aka tsince shi wata safiya, ya sandare.

Ranar binnewa Sidoni ta fi kowa kuka, har mata suna riƙe ta. A lokacin wata huɗu ke nan da warkewarta, da maganin da malamar asibiti ta miƙa mata ranar da ta karɓo sakamako, tana cewa, "Tsohon nan lafiyarsa ƙalau, Madam. Ke ce mai ita."