Kunnen Mai Ganga

Kowa ya daina kiɗa, shi bai daina ba.

Da la'asar ne, suna gwajin sauti a wani ɗakin kiɗan metal na ƙarƙashin ƙasa a Busan, birni na tara a zagayensu. A waje har an fara layi. Sai da mai gangar ya ɗago ya ga sauran ukun sun zuba masa ido, sannan ya ajiye sanduna.

Wata shida ke nan da mutuwar kunnensa na hagu, na dama ma ya kama hanya. Likita ya ce ko ganga ko ragowar jinsa. Bai gaya wa kowa ba.

"Yaya, yi haƙuri, hankalina ne ya tafi," ya ce wa mai kaɗa jita, babbansu.

Mai jitar ya matso daf da fuskarsa.

"Kai, raba mu da ƙarya. Kana zaton don 'yan kallo nake kaɗa kai kamar mahaukaci tun daga Daegu? Kai nake ƙirga wa bugun kiɗan. Wuyana ya kusa tsinkewa."

Mai gangar ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Wannan maganar ma a leɓe ya karanta ta.