Zoben da Aka Dawo da Shi

"Rabin kuɗi fa, amaryarmu! Daimon na gaske, kaf Legas babu irinsa."

"To me ya karya masa daraja?" in ji Tiwalade, tana kallon zoben a yatsanta.

"Baikon wasu ne ya watse."

Tiwalade ta kawar da kai daga mai shagon, ta dubi saurayinta Oyewole. Ya sunkuyar da kai. Ashe ya sani. Wannan zoben za a ɗaura a jikin Alƙur'ani ranar baikonsu bisa al'adarsu, ta ɗauko a gaban iyayenta?

"Dutse ne kawai, Tiwa," ya ce a hankali. "Bai san kowa ba."

Ta zare shi daga yatsanta.

"Don Allah saya min na azurfa, wanda wata ba ta taɓa kuka a kansa ba."