Wuƙar Mahauci da Allurar Likita

Kai, gyara zama ka ji, wannan da idona na gani, wallahi ba labari aka ba ni ba! Wani manomi ne a ƙauyenmu, shanun huɗarsa biyu tak, ga damina ta sauka. Kaska ta addabi babban, sai ya dama maganin kaska ya wanke shi. Gogan naka wai shi mai wayo, inda aka ce murfi ɗaya ya zuba uku, don kaskar ta ji a jikinta. Sa kuwa ya lashe jikinsa tas. Hantsi bai dubi ludayi ba sai ga shi kwance, miyau na dalala, ƙwayar ido ta tsuke kamar ƙwayar gero. Ka san mutanenmu, dabba ta kwanta ba a tambayar ciwo, wuƙa ake nema kar ta zama mushe. Har mahauci ya iso yana wasa wuƙa a dutse, yana cewa, "Malam, kama ƙafa, lokaci na tafiya." Manomi ya dubi garma, ya dubi sa ɗayan da ya rage. Sa ɗaya ai ba ya jan garma. Ya kasa kama ƙafar.

Ana haka sai ga likitar dabbobi a kan babur, maƙwabci ya kira ta. Ta sa abin sauraronta a haƙarƙarin sa. Zuciya ta yi sanyi, bugu ɗaya, sai ka sha fura ka goge baki kafin na biyu. Ta ce wa mahauci, "Baba, mai da wuƙarka kube, naman guba wa za ka ba?" Ta zuƙo allura, atirofin ta kira ta, wai ita ke kwance abin da ya daƙile zuciya. Ta soka a jijiyar wuya, ta sa aka wanke shi da sabulu. Manomi ya ɗora tafin hannu a ƙirjin sa, ya ji abin na ƙaruwa, dum, dum-dum, kamar an kira makaɗi. Miyau ya ƙafe, ido ya buɗe. Da ta ƙara allura ta biyu sai sa ya yunƙura, ya miƙe, ya yi atishawa, ya bi mahauci da gudu har saman tsamiya! Ranar Laraba san nan yana gona yana tsaga kunya.

To, zancen tsamiyar nan ni na ƙara gishiri, mahaucin nan da wannan tumbi nasa ko turmi ba zai hau ba. Amma sauran ko a gaban alƙali. Ai zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.